Rigar Babban Alƙali

Duk layin an san Baba Tela ba ya ƙaunar jin sunan ƙungiyar ƙasashen yankin. Da an ambace ta a rediyo sai ya ja tsaki, ya ce taron masu shan shayi a otal ne kawai. To, matarsa 'yar ƙasar maƙwabta ce. Ta tafi jinyar yayarta, gwamnati ta rufe iyaka a bayanta, ta maƙale a can. Baba ya rame. Ba zai ce kewarta yake yi ba, ina! Sai dai ya ce miyar 'yarsa gishiri ya yi yawa.

Wata safiya aka sanar cewa kotun ƙungiyar ta yanke hukunci: rufe iyakar ya saɓa wa yarjejeniya, a buɗe. Baba ya ɗauka irin kotun unguwa ce, a yanke yau a zartar yau. Ya rufe shago, ya ci ado, ya fesa turare, ya tafi tasha ya zauna har motar ƙarshe ta sauke fasinja. Ba ta zo ba. Ya dawo yana zagin alƙalan, wai kotun da ba ta da ɗan sanda ko ɗaya ai ba kotu ba ce.

'Yarsa ta lallashe shi, ta ce sauran ƙasashen za su matsa wa gwamnati lamba, ya ƙara haƙuri. Ya ce ta tashi ta ba shi wuri.

Ranar da aka buɗe iyakar kuwa, yana zaune da singileti, allura a baki, sai ga matar a ƙofar shago da jakarta.

"Malam, haka ka koma?" in ji ta.

Allurar ta faɗi. Ya hau faɗa wai me ya sa ba ta aiko a tarye ta ba. Idonsa kuwa ya cika da ƙwalla, kowa ya gani.

Washegari ya sa 'yarsa ta nemo masa hoton babban alƙalin a waya. Ya ƙura masa ido, ya ƙiyasta faɗin kafaɗa da tsawon hannu yadda ya saba, ya ɗauko yadin da ya daɗe yana ɓoye wa kansa ya shimfiɗa. 'Yar ta ce ai ba su ma san inda za su aika ba. Matar ta ce masa ai an ba ta labarin zagin da ya yi wa alƙalan.

Bai ɗago ba, almakashi na tafiya.

"Mutumin da ya dawo min da ke," in ji shi, "ba zai sa rigar kanti ba ina raye."