Wuyan Ragon Ruwaida

Ni mahauci ne a Zongo, kuma ranar babbar sallah ban da lokacin kowa. Gida-gida nake bi ina fiɗa, wuyan kowane rago nawa ne, haka muka gada. Kafin azahar bahon Kaltoumi, matata, ya cika da wuyoyi.

'Yata Ruwaida likitancin dabbobi take karatu a jami'a, a garin Calavi. Da ambaliya ta cinye garken makarantarsu, ta kawo wani rago ajiya, wuyansa a aske. Wai ta yanko siririyar jijiya a ƙafarsa, irin mai mayar da jini a hankali, ta ɗinke da shuɗin zare a babbar jijiyar wuya inda jini ke bugawa da ƙarfi. So take ta ga yadda siririyar za ta yi kauri ta jure. Karatunta duka a kan wannan jijiyar ya rataya.

Na ce, "Rago lafiyayye, kin yi masa faci kamar tayar zem."

Ta ce, "Baba, kar dai a taɓa shi."

Ban gaya wa yayana Mounkaïla ba, wanda ya zo mana sallah daga Parakou. Ya sauko daga idi, ya dubi ragon layyarmu, ƙashi da fata, ya dubi na Ruwaida, ya yi bisimilla ya yanka shi. Ya feɗe da kansa, ya jefa wuyan cikin baho.

Ruwaida ta dawo daga gaisuwa, ta ga fata a shanye. Ihunta har masallaci.

"Baffa! Ina wuyan?"

"Yarinya, ga cinya ga hanta, wuya kike wa kuka? Kwaɗayin naki ma bai da aji."

Kaltoumi kuwa ta riga ta ɗora rabin wuyoyin a wuta. Na ce a sauke. Ta ce mai ya yi zafi. Na ce ko wutar jahannama ce a sauke.

Muka zube wuyoyi a tabarma, mu huɗu muna tsaga su muna neman shuɗin zare. Maƙwabciya ta leƙo, ta ɗauka zinare ya ɓata, ta tsuguna ita ma.

Mounkaïla ne ya tsinto, cikin ɗanyun. Ashe wajen yanka wuƙarsa ta bi can sama, ƙarƙashin haɓa, ɗinkin bai taɓu ba. Ruwaida ta murza jijiyar da yatsa, tana kuka tana dariya.

"Baba, taɓa ka ji! Ta yi kauri!"

Na taɓa. Gaskiya ne, ta koma kamar tiyon fetur.

Ta kwashe ƙanƙarar da ke kan lemon baƙi, ta cusa wuyan a kula, ta tare zem, wato babur ɗin haya, zuwa makarantarsu a Calavi, sanye da leshinta na sallah. Baƙi suka sha lemo da ɗumi.