Jerin Sunaye na Surukin Shugaba

Su huɗu ne 'yan gudun miƙa sanda na mata: Yaya Babba, Doguwa, Barewa, sai Auta mai shekara goma sha shida. Ƙafa kam suna da ita. Abin da suka rasa a gasar nahiya shi ne kocinsu, domin da aka zo rabon kujerun jirgi, tasa ta faɗa hannun surukin shugaban tawaga, wani mai sayar da labule wanda bai taɓa gudu ba sai in ruwan sama ya biyo shi. Aka rataya masa kati a wuya mai cewa shi ne mai horarwa.

Tun a gida koci ya tsara su. Auta ce ke tashi da farko saboda kunnenta ba ya wasa da ƙarar bindiga, ta miƙa wa Barewa, Doguwa ta sha kwana, Yaya Babba ta ƙarasa. Wata takwas suna haka, kuma Auta ta riga ta nuna wa mahaifiyarta ƙusar da za a rataye lambar yabonta.

Ranar gudun ƙarshe aka kawo takardar da ake rubuta jerin masu gudu. Suruki na zaune a inuwa, ledojin sayayya kewaye da ƙafafunsa.

"Ranka ya daɗe, kawo in cike maka," in ji Yaya Babba.

"Ke! Ni da nake cike takardun kwastan? Je ki ci gaba da tsalle-tsallenku."

Bindiga ta tashi, Auta ta fita kamar an cillo ta. Sanda ta bi hannu huɗu ba ta ko girgiza ba. Suka zo na uku. Auta ta yafa tuta tana kuka tana dariya, har sai da ta ga sunan ƙasarsu ya sauko can ƙasan allo.

Alƙaliyar wasa ta zo da takardar, ta yi musu bayani a hankali. Doka ta ce a yi gudu yadda aka rubuta. A takarda kuwa Yaya Babba ce ta farko, Auta ta ƙarshe. An cire su.

Suka juya gaba ɗaya suka dubi Suruki. Ko gezau bai yi ba.

"To me kuke kallo? Fasfo ɗinku na duba ɗaya bayan ɗaya. Ya za a yi in sa ƙaramar yarinya gaban yayyenta? Ina tarbiyya a nan?"

"Ai da sunanka ka sa a farko, Baba," in ji Doguwa, "tunda duk ka girme mu."

"Kun ji ko? Rashin kunyar da nake faɗa ke nan!"

Shugaban tawaga ya iso yana share gumi da hula. "A rage murya, muna gaban baƙi. In mun koma za a kafa kwamiti." Ya yafito mai hoto, ya ce yara su matso su ɗan yi murmushi, Suruki ya tsaya a tsakiya.

Auta ta tsaya inda aka ce ta tsaya. A nan ta gane cewa lambar ta tafi, kuma duk cikin manyan da suka kawo su babu wanda ya ga an yi asarar komai.