Katin da Hirut Ta Rataya

"Sauke gilashin nan, Hirut, kafin 'yan sanda su ɗauka ni ne nake busawa," in ji Gashe Wondimu, yana kutsa tasinsa cikin cunkoson safiya na birnin Denver a Amurka.

Hirut ta sake shinshina hannun rigarta. Wanka biyu ta yi yau, rigar ma a leda ta kwana, amma warin wiwi ba ya jin sabulu. Shekara uku ke nan tana aiki a gonar cikin gida ta wani kamfani, tana gyara ganyen da almakashi, wanda za a sayar wa marasa lafiya da wanda za a sayar wa masu nishaɗi. Ita kuwa ko sigari ba ta taɓa sa wa a baki ba.

"Gashe, don Allah ka bar ni da abin da ya dame ni. Yi min tambaya ɗaya."

"Sanatoci nawa ne?"

"Ɗari."

"Ah, kin ci! Ni da na je, sai na ce musu duk yawansu ba su gyara titin unguwarmu ba."

Ba ta yi dariya ba. Yau ne za a yi mata tambayoyin zama 'yar ƙasa, kuma sai 'yar ƙasa ce ke iya nema wa uwa izinin zuwa. Mahaifiyarta tana can gida Habasha, a garin Bahir Dar, ciwon suga ya fara cin idonta, likita ya ce kada a ja lokaci.

Dattijon, wanda abokin marigayi babanta ne, ya hango katin izinin aikin wiwin da ke lilo a wuyanta ta madubi.

"Wannan fa? Cire shi mana. Ki ce a gonar furanni kike aiki, ai shi ma fure yake yi."

"Haba Gashe, bayan na ɗaga hannu na rantse? Kuma me zan ɓoye? Gwamnati ce ta ba ni shi. Sai da suka ɗauki zanen yatsuna, suka tone tarihina kaf, ba su sami komai ba. Wannan ai shaida ce."

"Wace gwamnatin? A ƙasar nan gwamnati biyu ce, 'yata."

"Kai dai tuƙa."

A ɗakin jira ta kasa zama wuri ɗaya. Ta sha ruwa, ta je bayi, ta dawo, ta sake tashi. Da aka kira sunanta har jakarta ta faɗi.

Jami'ar mace ce mai furfura, mai sanyin murya. Hirut ta rantse, ta amsa tambayoyin tarihi tas ba gargada, ta karanta jimla, ta rubuta wata. Har matar ta yi murmushi ta ce Turancinta ya fi na surukinta.

"Wannan kamfani da kike wa aiki, me suke yi?"

Nan ne fa Hirut ta ciro katin, ta ajiye a kan tebur da hannu biyu, kamar mai miƙa wa baƙo kofi.

"Wiwi muke nomawa, bisa doka. Ga lasisina. Ban taɓa makara ba, harajina kuma ba fashi."

Matar ta dubi katin ba ta taɓa shi ba. Murmushin ya tafi.

"Da hannunki kike taɓa ganyen?"

"Kullum."

"Kin san mene ne shi?"

"Na sani mana."

Matar ta daɗe tana buga na'ura, sannan ta cire tabarau ta murza ido.

"Jihar Colorado ce ta ba ki wannan kati. Nan ofishin tarayya ne, kuma a dokar tarayya abin da kika faɗa min yanzu laifi ne. Ba ni da ikon amincewa da buƙatarki."

"Amma shagunan suna bakin titi! Da harajinsu ake gyara makarantu!"

"Na sani. Jikata tana ɗaya daga cikin makarantun." Ta rage murya. "Ki nemi lauya. Kafin nan kada ki fita ƙasar, don ba lalle a bar ki ki dawo ba."

Wallahi da mari ta yi mata da ya fi sauƙi. Ba a kawo uwa ba, ba a kuma je an gan ta ba.

Gashe yana jingine da mota. Da ya ga fuskarta, sai ya buɗe mata ƙofa kawai, tsokanar ma ta ƙare. Ba su kai ga fitilar hanya ta biyu ba wayarta ta yi ƙara.

"Hirutiye, an gama?" Muryar mahaifiyarta ce, cike da ɗoki. "Na sa an daka miki yajin nan da kike so, buhu guda, na ɗinke bakinsa. Yaran gidan sai zagaye shi suke, na ce wanda ya taɓa zai gamu da ni. Wane wata zan taho?"

Hirut ta dubi katin a tafin hannunta. Ƙarfe biyu za ta shiga aiki, kuma da wannan aikin ake sayen allurar suga.

"Emaye," ta ce wa uwar, tana mayar da igiyar katin wuyanta, "farke buhun. Ku ci."