Kujerar da Aka Ja wa Perpetua

Ranar Laraba muka binne Perpetua a garinsu, Miagao. Ranar Alhamis na kama hanyar komawa gidanmu a Bacolod ni kaɗai.

Yayarta, Manang Sorsing, ta riƙe mini hannu a tasha. "Kada ka zarce gida, Honesto. Ka yi pagpag. Ka ratse wani wuri ka kakkaɓe jikinka, kada ta biyo ka."

Shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane cewa wannan camfi ne. Na ce mata to. Ba a musu da wadda ta yi wa matarka wankan gawa.

Na isa Iloilo da rana tsaka, jirgin ruwan Bacolod kuma sai ƙarfe huɗu. Mutane kan yi nasu pagpag ɗin a shagon lemo. Ni sai na ga wani gidan karta a saman kantin magani, na hau. Perpetua ce ta koya mini poka. Takan ce fuskata jarida ce, kowa karantawa yake yi kyauta.

Tebur ɗaya ake wasa. Aka zaunar da ni tsakanin wani ƙaton tsohon ma'aikacin jirgi, Baldo, da wata tsohuwa mai mafici da suke kira Tiyay Loleng. Zagaye na uku Baldo ya hango ɗan baƙin maɓallin makoki a ƙirjina.

"Babban yaya, daga jana'iza kake?"

"Matata."

Ya ajiye kartarsa. "Wato duk shagunan garin nan ba su yi maka ba, sai a teburinmu za ka sauke ta? Tun safe ake cinye ni, yanzu kuma ga fatalwa."

"Ba sai da fatalwa ake cinye ka ba, sarkin tumbi," in ji Loleng. Ta juyo gare ni. "Ta iya wasa?"

"Ta fi ku duka."

Loleng ta sa ƙafa ta jawo wata kujera, ta tura ta kusa da ni. "To ta zauna. A kusa da Baldo dai kada ta zauna, leƙe yake yi."

Aka yi dariya, aka ci gaba da rabo. Babu wanda ya ce mini na yi haƙuri, ko ya ce ta huta. Kwana tara ke nan tun rasuwarta ban samu wurin da aka ƙyale ni haka ba. Na sami sarki biyu, na yi ƙoƙarin ɓoye murna, kowa ya ajiye kartarsa nan take. Na waiga kujerar don Perpetua ta yi mini tsiya yadda ta saba. Daga nan lissafin ya zo mini: idan gaskiyar Sorsing ce, ina tashi, a nan zan bar ta.

Jirgin ƙarfe huɗu ya yi kuka ya tafi. Ban motsa ba.

Biyar saura kwata Loleng ta naɗe maficinta. "Na biyar da rabi ne na ƙarshe, ɗan'uwa. Tashi. Za mu kula da ita, nan akwai hira. Ka fita kawai, kada ka waiwaya, kada ka kira sunanta."

"Ni ban yarda da waɗannan abubuwan ba."

"Mun gani," in ji Baldo, a hankali.

Na kai bakin ƙofa na tsaya, hannuna a kan mariƙi. Na karanta littattafai cike da ɗaki, babu ko ɗaya da ya koya mini yadda mai ilimi zai yi wa kujera magana a gaban baƙi. Na sauka matattakala, na shiga jirgi, na buɗe gida na tarar da shi yadda Sorsing take so, babu Perpetua a ciki.

Abin da ya rage mini in faɗa a ƙofar nan bai fi kalma huɗu ba: taso mu tafi gida.