Hannu Ya Riga Ta

Malama ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Aikinta a ɗakin gwaji shi ne ta narka roba a tukunyar ƙarfe, inji ya matse ta, ta huce a matse. Ita roba dogayen zaruruwa ce waɗanda ido ba ya gani. In ta huce a sake, sai su naɗe kamar igiyar da aka cusa a aljihu. In ta huce a matse, sai su miƙe, su jeru, su daskare da kauri. Wannan jerin take nema, don da shi za ta kammala digirin nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Gutsure ɗaya ya rage mata na robar gwajin. Farfesa kuma ya faɗa mata, ba wasa a fuskarsa, daga wannan sai a ba wani ɗalibi injin.

To, ɗakin yana da doka, ta Kawu mai kula da injina: ba a tashi a bar tukunya a matse. Tun ranar da wata tukunya ta yi bindiga ta tafi masa da yatsu yake wannan wa'azi, har abin ya zame wa kowa jiki. Da ƙyar da jiɓin goshi Malama ta samo izinin Farfesa a bar tata ta kwana a matse, ko Kawu ba ta samu ta gaya wa ba.

Lokacin tashi waya ta yi ƙara. Maigidanta ne, wai wa zai ɗauko yara, kuma ina ta ajiye maganin Inna. Waya a kafaɗa, tana to, to, ta rufe taga, ta kashe fanka, ta murɗa marikin sakin matsin tukunya kamar kullum.

Sai da ta ji hucin ta farga. Allurar ma'aunin matsi ta riga ta kwanta, robar kuwa da sauran zafinta. Aikin gama ya gama. Ta ja kujera ta zauna, ko ƙarfin kuka babu.

Kawu ya leƙo da makullai, ya dubi allurar, ya ji daɗi har ransa. Ya ɗaga mata hannun nan mai giɓi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Duk ɗakin nan ke kaɗai ce ba sai na tuna miki ba."

"Amin, Kawu," in ji ta.

A cikin waya maigida yana ta tambaya ko tana jin sa.