Ranar da Dogo Ya Taya Gem

A duk Kontagora, in ana maganar ido wajen kuɗin dabba, Dogo ake nufi. Dillalin shanu ne, shekara talatin yana kara, wato kasuwar dabbobi. Zai tsaya nesa da sa kamar taku goma, ya karkata hula, ya dubi tozo da ƙafafu, ya ce kaza za a sallama shi. A yi ta ja har rana ta yi sanyi, ƙarshe a kan maganarsa za a tsaya. Fulanin Bobi ba sa sakin igiya sai sun ji ta bakinsa, haka ma mahautan Kasuwan Garba. Ba shi da mota, ba shi da bene. Abin da ya mallaka a duniya shi ne a ce Dogo bai taɓa kuskuren ƙiyasi ba, kuma yana ji da wannan suna fiye da yadda wani ke ji da ɗan fari.

Ni tela ne, sunana Khalilu, kuma a bencin ƙofar shagona ake zama bayan la'asar. Maƙwabcina Lukuman shagon gem gare shi, inda samari ke biya su buga ƙwallo da dambe a talabijin. A shekarar da 'yan ƙwallonmu suka ciwo zinare a Amurka, wata ranar Talata, sai ga Lukuman ya fito da shafin wata mujalla da ya yago, yana riƙe da shi kamar takardar gado.

"Ga sabon gem nan tafe," in ji shi. "Wannan ba kaset yake ci ba, faifai ake sa masa. An ce wata mai zuwa zai sauka Legas. Abin da ban sani ba shi ne nawa zai zo."

Malam Jinaidu ne ya fara karɓar takardar. Malamin lissafi ne a sakandare, kuma taubashin Dogo, tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da a kan ko za a yi ruwa ne. Ya zaro biro daga aljihu, ya juya bayan wani kwalin zare nawa, ya shiga rubutu. Ya sa kuɗin gem ɗin a can ƙasar da aka ƙera shi, ya juya shi da dala, ya ɗora kuɗin jirgi da na fito da ribar 'yan Legas.

"Dubu arba'in," ya ce. "In ya sauka da yawa, talatin da takwas."

Dogo yana gefe yana ɓare goro. Da ya yi shiru da ya zauna lafiya. To amma ba ya iya jin an faɗi kuɗin abu a gabansa ba da bakinsa ba, ko da tsintsiya ce. Ya miƙa hannu aka ba shi hoton, ya nisanta shi da fuska, ya karkata hula.

"Me yake ci?"

"Wuta, Baba Dogo," in ji Lukuman.

"Yana haihuwa?"

"To, yana kawo kuɗi dai kullum, in an kawo wutar."

"Shekara nawa yake yi kafin ya tsufa?"

"Uku ko huɗu, sai a fito da wani."

Dogo ya jinjina kai kamar ya buɗe bakin sa ya ga haƙora. "Dubu ashirin da takwas. Ba ƙari, ba ragi."

Malam Jinaidu ya yi dariya har biro ya faɗi. "Kai da ko rediyonka ba ka iya kamo tasha ba? Wannan fa ba bijimi ba ne."

"Duk abin da ake saye da sayarwa, dabba ne a wurina. Kai dai ka ci gaba da koya wa yara sau biyu."

"Shi ke nan. In ya zo ba haka ba, ranar kasuwa zan shiga kara da kaina in gaya wa Fulani idon Dogo ya mutu."

Mu dariya muka yi, amma na ga Dogo bai yi ba. Ya san halin taubashinsa, in ya ce zai yi, har da ƙari zai yi.

Mako biyar ana wannan gardama. Ni da ban taɓa riƙe abin buga gem ba, sai da na wayi gari ina da ra'ayi. Masu kawo ɗinki kan tsaya su ce su 'yan arba'in ne ko 'yan ashirin da takwas. Duk ranar da aka ce dala ta hau, Malam Jinaidu zai zo da sabon kwali ya ƙara lissafi. Dogo kuwa ko gezau. In an matsa masa sai ya ce shi ya riga ya gani, ba ya duba dabba sau biyu. Amma sau biyu yana zuwa shi kaɗai da hantsi, ya ce in ara masa hoton, da yake a shagona aka bar shi, ya sake kallo, wai launin ne ya burge shi.

Ran nan Lukuman ya dawo daga Legas da kwalaye biyu, ɗaya na shagonsa, ɗaya na sayarwa. Kafin la'asar ƙofar shagona ta cika har bakin kwata. Aka shimfiɗa buhu, aka fito da abin, ɗan ƙarami mai ruwan toka, bai kai faranti girma ba.

"To, Lukuman," in ji Malam Jinaidu, "faɗa musu."

"Dubu arba'in da biyar."

Malam Jinaidu ya miƙe ya gyara babbar riga, ya shiga karɓar hannu kamar wanda aka yi wa haihuwa. Na dubi Dogo, wallahi sai da ya ba ni tausayi. Fuskarsa ta yi fari fat. Mutumin da shekara talatin ba a taɓa cewa ya faɗi ba, ga shi ɗan kwali zai kayar da shi a gaban mutane.

Sai ya tofar da goro, ya ce, "Ku dakata. Wannan kuɗin da mai kaya ya yanka ne. Tun yaushe yankan mai kaya ya zama kuɗin kaya? Kuɗin abu shi ne wanda aka sallama a kai. Kai yaro, zauna."

Lukuman ya zauna. Dogo ya tsuguna, ya ɗaga gem ɗin ya gwada nauyinsa, ya ƙwanƙwasa bayansa, ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Ba shi da nauyi. Duk roba ce. Sha biyar."

"Albarka, Baba."

"Dubi launinsa, kamar ya sha jinya. Sha bakwai."

"Albarka. Arba'in da biyu dai."

Ranar na ga aiki. Dogo ya kushe abin nan tun daga kwali har igiyar wuta. Ya tambayi Lukuman wa zai saya a garin nan, ya lissafo masa masu kuɗin gari ɗaya bayan ɗaya, ya nuna masa babu mai ɗan da zai bari ya zauna gaban talabijin. Sau biyu yana tashi ya kaɗe riga ya kama hanya, ana riƙo shi. Ya tuna wa Lukuman cewa shi ya saya wa ubansa ragon sunansa. Lukuman ya sauko talatin da takwas, ya sauko talatin da uku, yana share gumi. Malam Jinaidu ya daina karɓar hannu, ya dawo ya tsaya a kansu.

"Ashirin da takwas," in ji Dogo. "Daga nan ko sisi ban ƙarawa."

Lukuman ya dubi kwalin, ya dubi jama'a. Daga baya ya gaya mini a ashirin da huɗu ya saro shi, kuma tun a mota yake tunanin wa zai saya. Ya miƙa hannu.

"Na sallama, Baba Dogo. Allah ya sa albarka."

Wuri ya kaure da sowa. Dogo ya miƙe tsaye, ya dubi taubashinsa sama da ƙasa. "Nawa na ce?"

Malam Jinaidu murmushi kawai yake yi, irin wanda ban so ba. Ya sunkuya ya mayar da gem ɗin cikin kwali, ya rufe, ya ɗauka ya ɗora a hannun Dogo.

"Ga kayanka."

"Kayan wa?"

"Kai ka taya, kai aka sallama wa. Ko ba kai ne bara ka kori wani mahauci daga kara ba, don ya taya saniya an sallama ya ce wasa yake yi?"

Sai a lokacin Dogo ya ga ramin da ya haƙa. In ya ce gwaji yake yi, to ba a yi ciniki ba, kuɗin gem yana nan arba'in da biyar, ido ya mutu, ga kuma sunan mai tayi ya gudu. In ya ce da gaske yake, to sai ya sayar da bijiminsa da yake turke tun bara kafin ya iya biya. Ya gyara riƙon kwalin.

"Lukuman," ya ce a hankali, "ka ba ni zuwa ranar kasuwa."

Ni na raka shi gida. Matarsa Fure ta buɗe kwalin, ta juya abin, ta saurari bayani har ƙarshe ba ta katse mu ba. Sannan ta ce, "To, Malam, madalla. A jikin me za mu kalla? Ko a bangon ɗaki yake fitowa?"

Gidan Dogo babu talabijin. Duk cikinmu babu wanda ya tuna.

Ranar kasuwa aka sayar da bijimi, kuma a kan kuɗin da Dogo ya faɗa aka sallama shi. Gem kuwa sai falon Malam Jinaidu, don shi ke da talabijin mai launi. Bencina ya rage cika, domin duk la'asar can za ka same su, dattawa biyu a kan tabarma, kowa da abin bugawa a hannu, suna zagin juna. Dogo bai taɓa cin wasa ko ɗaya ba. Ƙwallo bakwai, takwas ake zura masa.

Na je kai wa Malam Jinaidu ɗinki wata rana, na tarar an tashi tara da nema. Dogo ya ajiye abin bugawa, ya miƙe ƙafa, ko a jikinsa.

"Ka ci, na yarda," ya ce. "Amma tsakaninka da Allah, Jinaidu, nawa aka sallama shi?"

Malam Jinaidu ya yi ajiyar zuciya, ya danna a sake sabon wasa.

"Ashirin da takwas ne, Dogo."