Kujera Ɗaya a Motar Baba

Shekara uku Delbert ya yi yana yanka motar mahaifinsu yana sake mata fasali, shi kaɗai a rumfar kwano bayan gidansa, a bakin wani busasshen tafki na jihar Nevada ta Amurka, inda sai ka yi mil tara kafin ka ga hayaƙin maƙwabci. Tsohuwar motar daji ce mai dogayen ƙafafu, ta sha hawan duwatsu wajen neman shanu. Ya sauke ta har cikinta ya kusa shafar ƙasa, ya rage wa rufin inci huɗu, ya cusa mata inji mai silinda takwas wanda in ya yi gurnani sai kwanon rumfar ya amsa.

Masu irin wannan aiki suna da wata cuta, kuma ta yi wa Delbert mugun kamu: ba sa ƙaunar nauyi. Duk abin da ya kwance sai ya ɗora a sikeli. In ba ya ƙara gudu, sai bola. Bamba ta tafi, madubai suka bi ta, har murfin akwatin gaba. "Laba sha biyu," zai ce da ƙarfi, rediyo kuma ta ci gaba da surutunta, don babu mai taya shi murna.

Ga shi kuwa ba don gudu ya fara aikin ba, don wansa Orval ne. Ranar jana'izar mahaifinsu suka yi cacar baki a kan motar, Orval ya koma jihar Idaho, shekara goma sha ɗaya ko waya babu. Delbert bai iya ba da haƙuri da baki ba. Sai ya riƙa aika hotunan aikin, a bayan kowanne ya rubuta: "Ran da ta tashi, mu biyu za mu fara hawa." Amsa ba ta taɓa zuwa ba, kuma abin yana cin sa.

Wata Asabar da hantsi sai ga Orval, ya rame, yana dogara sanda.

"Guntu, har yanzu waken gwangwani kake ci? Dubi wuyanka."

"Kai da ka ƙoshi ai ga ka nan da ƙafa uku."

Suka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri. Orval ya zagaya motar yana shafa jan fentin.

"Ka mai da ita 'yar rawa. Da Baba zai gani, da bel zai bi ka."

"Bari ka ji muryarta tukuna, tsoho."

Orval ya buɗe ƙofar dama, ya tsaya. Babu komai a wurin sai farin ƙarfe da ramukan ƙusa huɗu. Kujera ɗaya ce a motar, 'yar ƙarama ta gwangwani, a bayan sitiyari.

"Ina doguwar kujerar? Wadda muke zama mu uku, kai a tsakiya kana shure sandar giyar mota?"

Delbert ya kalli ramukan ƙusar. Ya tuna ranar da ya kwance ta sarai, bara waccan. Har rawa ya taka da sikeli ya nuna laba saba'in da ɗaya. Mai kwasar ƙarafa ya tafi da ita tun a makon.

"Nauyi gare ta," ya ce, kunya kamar ta kashe shi. "Tsaya in ɗauko bokiti, in sa maka bargo..."

"Ƙuguna ba zai yarda ba." Orval ya rufe ƙofar a hankali. "Ka daɗe kai kaɗai, Guntu. Je ka, ina kallo daga nan. Don motar nan na yi tafiyar awa tara."

Delbert ya shiga, ya murza makulli. Motar ta zabura kan farar ƙasar tafkin, wuyansa ya manne da kujera, allurar gudu ta wuce mil ɗari. Duk abin da ya lissafa ya fito daidai, ko laba ɗaya bai yi kuskure ba.

Ya ɗaga ido don ya ga ko wansa yana ɗaga masa sanda, ko ya juya ya nufi motarsa. Sai ya ga ƙusar da ta saura a inda madubi yake a da.